Hasken da Inna Ta Nema

Mahaifiyata baƙa ce. Da wannan na fara, domin yau in ka shiga gidan kowane ɗaya daga cikin yayyena a N'Djamena, ka ɗaga kai ka dubi bangon falo, za ka ce ni ne maƙaryaci. Baƙa ce wuluk, irin baƙin da in ta shafa man kaɗe da safe ta fito tsakar gida, sai ka ga shuɗin sama ya kwanta a goshinta. Tana da tsagar gado a kumatu, wadda aka yi mata tana jaririya, saboda ubanta da ya taso daga ƙasar Daura a ƙafa da niyyar Makka ya ce duk inda tafiyar ta kai su, a san inda 'yarsa ta fito. Tafiyar ba ta wuce bakin kogin Shari ba. A nan ya kafa bukka, a nan aka binne shi, mu kuma aka haife mu a unguwar Paris-Congo, muna Hausa a cikin gida, muna Larabci da zarar mun taka waje.

Mu biyu ne maza a ɗakinta, sauran mata. Yayana ya ɗauko fatar babanmu, yana da ɗan ja, ni auta na ɗauko tata. Shi ya bi kasuwa, ni na bi hoto, sana'ar da a gidanmu ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Yaya kan ce mini mai satar fuskokin mutane, yana dariya, ni kuwa ban taɓa jin abin dariya a ciki ba.

A unguwar Kabalaye na koyi aikin, farkon shekarun casa'in, a wajen wani dattijo mutumin Damagaram. Wutar lantarki a garin nan ba abin dogaro ba ce, sai ta yi kwanaki ba ta leƙo ba, don haka dattijon ya cire ransa daga fitilun shago tun da daɗewa, ya koma wa rana. In mutum ya zo ɗaukar hoto, ba ya fara duban mutumin. Sai ya dunƙule hannunsa ya miƙa gaba, ya riƙa juyawa a hankali a tsakar gida yana kallon bayan hannun, har ya sami inda jijiyoyin suka fito sarai ba tare da fatar ta yi ƙyalli ba. Nan zai ajiye kujera. A wajensa na san cewa ranar tsaka maƙiyiyar fuska ce, tana zuba duhu a ramin ido da ƙarƙashin hanci, ta mai da saurayi tsoho. Na san inuwar bishiyar dogon yaro tana yi wa fuska dabbare-dabbare. Na san bakin ƙofa, taku kaɗan daga ciki, ya fi ko'ina, domin hasken yana shigowa ta gefe ɗaya, a tausashe, ya bi ƙashin kumatu ya sauka. In ɗaya gefen ya yi duhu da yawa, sai a sa wani ya riƙe farin zane can ƙasa, hasken ya bugi zanen ya dawo.

Abin da ya fi nanata mini shi ne baƙar fata. Ya ce ba a jibga mata haske, lallaɓa ta ake yi. Baƙar fuska da abin da ke kewaye da ita take fitowa, tana ɗaukar sama, ta ɗauki bango, ta ɗauki rigar wanda ke tsaye kusa. Masu filas na gidajen biki kuwa sai su harba mata wuta gaba da gaba, goshi ya yi fari fat, sauran fuskar ta koma toka, amarya ta fito kamar an tono ta daga murhu. Abin haushin, haka mutane suke so. Ba a kwana biyu mace ba ta zauna a kujerata ta gyara lafaya ta ce, mai hoto, ka sa mini haske ba. Maza ma suna faɗi, sai dai su da ƙaramar murya. Ni in na ji haske, rana nake ji da inda take faɗowa. Su kuwa fata suke nufi, so suke a wanke hoton su fito jajaye, a kai wa dangi a ce Allah ya yi musu hutu. Kalma ɗaya, muna cin abinci da ita ni da su, kowa da abin da yake nufi.

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ba wai don malamai sun hana ba, ita ba ta kai maganar can. In na matsa mata sai ta ce me za a gani, a ɓata fim a banza. Ta girma ne tsakanin maƙwabta masu jan fata, waɗanda tun tana yarinya suke kiranta zarga, wato baƙa, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, amma na lura ko a biki, da ta hango mai kyamara, sai ta tuna akwai tukunya a wuta. Na ɗauki fuskokin rabin unguwa, na ɗauki 'yan Nijar masu aika hoto gida, na ɗauki jarirai da gawawwakin motoci, amma ba ni da fuskar matar da ta haife ni. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ciwo ya kwantar da ita. Tun bazara take ɗaki har damina ta sauka. Yayyena mata suka rufe taga, suka rataya bargo a ƙofa, wai iska ce ke ƙara mata ciwon. Ɗakin ya koma rami, ba ka sanin safiya daga yamma sai da kiran salla. Na yi magana, aka ce in bar wa manya, ni hoto na sani ba jinya ba.

Wata safiya an kwana ana ruwa, na shiga gaishe ta, na tarar da Yaya zaune a bakin gadon yana ba ta shayi. Ta dube ni ta ce:

"Auta, ɗauko akwatin nan naka ka ɗauke ni. Amma ka sa mini haske, na gaji da duhun nan."

Ban tsaya tambaya ba, kada ta sake shawara. Ni da Yaya muka tallabo ta, muka zaunar da ita a kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofar ɗakin, na yaye bargon na jefar. Gari ya yi luf, gajimare ya rufe rana bai hana ta aiki ba, irin hasken da mai hoto ke roƙon Allah ya ba shi. Tsakar gida duk ruwa ne kwance, shi ma yana maido haske sama. Na dunƙule hannu na juya, na matsar da kujerar kaɗan zuwa hagu. Na ba babbar yayarmu farar lafayarta ta salla ta riƙe daga ƙasa, tana mita wai zan sa tsohuwa ta kwashi sanyi. Inna ta runtse ido da farko, hasken ya yi mata yawa bayan watanni. Da ta buɗe, sai ta ɗaga kai tana kallon saman katanga inda tsuntsaye ke shan ruwa a bakin kwano, ta manta da ni. Na ƙara buɗe idon kyamarar, don na san farin zanen zai ruɗe ta ta danne fuskar. Na ɗauka. Ta juyo ta ce ya isa haka, na roƙe ta ɗaya kawai, ta ce ai ta ce ya isa.

Da kaina na kai fim ɗin labo, wurin da ake wanke hotuna, na tsaya a kan mai injin. Na san halinsu, da sun ga baƙar fuska sai hannunsu ya tafi wajen ƙara fari, don kada mai hoto ya dawo da faɗa. Na ce masa in ya taɓa, ni da shi ne. Hoton ya fito, na tsaya a bakin titi ina kallonsa har wani mai babur ya kusa kwashe ni. Komai yana nan. Tsagar kumatunta, furfurar da ta leƙo daga ɗankwali, ɗan hasken da ya zauna a ƙwayar idonta, da baƙin nan nata mai zurfi wanda ke da launi a cikinsa. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, kafin ranar da bayanta, ban yi wanda ya kama ƙafarsa ba.

Na kai mata. Ta riƙe shi nesa da fuska, ta matso da shi. Can ta ce, "Kamar uwata." Ta miƙo mini ta ce in ajiye. Na nuna mata ɗan baƙin fim ɗin da ake fitar da hoton daga jikinsa, wanda mu masu aikin muke kira kilishe da bakin Faransa. Ta ɗaga shi sama, ta ga kanta fara sol da baƙaƙen haƙora, ta yi dariya har da tari, ta ce wannan wane irin kilishi ne da ba ya taunuwa. Dariyar ƙarshe ke nan da na ji daga bakinta. Kafin kaka ta shigo ta rasu.

Na rataye hoton a shagon da na buɗe a unguwar Abena, kilishen kuma na naɗe shi a takarda na sa a gwangwanin shayi. Takardar hoto ta wancan lokaci ba ta da ƙarko, zafin garin nan kuma ba ya barin komai. Cikin 'yan shekaru hoton bangon ya koɗe, ya yi ja-ja, fuskar ta fara narkewa cikin ƙofar da ke bayanta. Ban damu ba, tun da uwar hoton tana cikin gwangwani. Duk ranar da na so, zan fitar da sabo.

Sai shekarun dubu biyu suka shigo da kwamfuta. Wuraren wanke hoto suka cika da samari masu zama gaban gilashi, suna ɗora kan mutum a jikin da ba nasa ba, suna tsayar da mai sayar da gawayi a gaban benen Dubai. Yaya a lokacin kasuwa ta yi masa kyau, ya gina gida, ya yi falo mai labule har ƙasa. Ya zo shagona ya ce yana son hoton Inna babba, a yi wa kowa nasa, har dangin da ke Kuseri, ƙetaren kogi, da waɗanda suka zarce Sudan. Ya ce akwai wani sabon wuri da ke fitar da hoto kamar ƙofar ɗaki. Na ce mu je tare. Ya ce shi yaro ne da zan raka shi? Yayana ne, uwarsa ce kamar yadda take tawa, na buɗe gwangwani na ba shi. Na ce masa abu ɗaya, ya dawo mini da kilishen a hannuna. Ya ce to, yana duba agogo.

Bayan kwanaki ya aiko a kira ni cin abinci. Na tarar da gidan cike, yayyena mata da 'ya'yansu, an yi kisar, siririyar gurasar ƙasar nan, da miyar kuɓewa, ana ta shiga falo ana fitowa ana cewa masha Allah. Na shiga. A bango, cikin firam mai ruwan zinariya, ga wata mata ja jawur, fuska sumul babu tsaga ko ɗaya, babu furfura, an yi mata jan baki kaɗan. An cire ƙofar ɗakinmu, an sa Ka'aba a bayanta da fitilu. Ɗankwalin ne kawai na gane. Na tsaya ina kallo.

Na tambayi Yaya wace ce wannan. Ya ɗauka wasa nake, ya ce in bar iskanci, in yaba aiki. Na ce wannan ba uwata ba ce, uwata baƙa ce, duk wanda ya sha nononta a ɗakin nan ya sani. Ya ajiye kofin da ke hannunsa ya ce:

"Kai ne ba ka ji maganarta ba, Auta. Ina zaune a wurin. Ta ce ka sa mata haske, ta gaji da duhun nan. Ka fitar da ita baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, ka kai mata, ta dawo maka da abinka. Ni na cika mata burinta."

"Duhun ɗaki take nufi, Yaya. Kun rufe ta wata da watanni."

"Kai ka ce. Wace mace ce ta taɓa zama gabanka ta ce ka sa mata haske tana nufin rana?"

Na san abin da na gani a ranar, na ga yadda ta ɗaga kai tana shan hasken nan kamar mai ƙishi. Amma babbar yayarmu, wadda ta riƙe lafayar da hannunta, ta ce ita ma yadda Yaya ya ji haka ta ji. Wata ta ce ai Inna ta sha gori a kan fatar nan, yanzu ko ba komai ta huta. Wata ta ce ga shi an kai ta Makka, inda ubanta bai kai ba, me ya fi wannan. Suna faɗi suna share hawaye, da zuciya ɗaya, ba wanda ya ga an yi laifi. Na ce a ba ni kilishena in tafi. Yaya ya ce yana can wurin masu aikin, me za a yi da shi kuma, ai an zuba shi a ordinata, wato kwamfuta.

Ban ci abincin ba. Na hau babur na nufi wurin. Saurayin da ya yi aikin ya tuna da hoton sarai, har yana alfahari, ya ce tsagar nan ta ba shi wahala kafin ta goge. Ya ce Alhaji, wato Yaya, shi ne ya ce a mai da ita hamra, ja, a gyara tsohuwa. Na tambayi kilishen. Ya duba aljihun tebur, ya duba ƙasa, ya tambayi na kusa da shi, sannan ya ce su ba sa ajiye irin waɗannan, da an ɗauke hoton a na'ura sai shara, ba mai dawowa nema. Na ce to ya nuna mini na farkon, kafin ya taɓa. Ya ce a kansa ya yi aikin, na farkon ya zama wannan. Ya faɗi haka ko a jikinsa, yana taunar cingam, ya kuma ce in ina so zai iya mai da ita baƙa, minti kaɗan ne. Na ce ya gwada. Ya ja wani abu, matar nan ta bango ta yi duhu gaba ɗaya kamar an watsa mata tawada, fuska shafe, babu sama a goshi, babu komai. Na ce ya bari. Na zagaya bayan ginin inda suke zubar da shara, na tona da hannuna cikin takardu da bawon mangwaro, mutane suna wucewa suna kallona. An riga an ƙone ta jiya.

Na koma shago na sauke wanda ya koɗe. Na kai shi bakin ƙofa, na juya shi ta kowane gefe, na ɗauke shi da kyamara ko zan ceto wani abu. Hasken da ya ba ni ita shi ya cinye ta, saura inuwar ɗankwali da wani jan tabo inda fuska take. Na san dabarar haske iri-iri, amma ban san wadda ke dawo da abin da ya tafi daga takarda ba.

Ni da Yaya ba mu yi gaba ba, muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza. Amma ban ƙara zama a falonsa ba, a waje nake tsayawa. Shi har gobe yana ganin ya yi wa uwarsa gata, ni kuma baƙin hali ne ya hana ni gode masa. Hoton ya bazu, yana Kuseri, yana Sudan, an ce har Daura an kai wa wasu da ba su taɓa ganinta ba, sun ce ashe 'yar tasu Balarabiya ta zama. Na ƙi karɓar nawa. Maganarsa kuwa ta zauna mini a ƙirji. Wani lokaci ina tsaka da aiki, mace ta ce in sa mata haske, sai in ji hannuna ya tsaya, in koma safiyar nan in sake sauraron muryar Inna, ina neman inda ta karkata. Na tabbata rana take nufi. Sai kuma in tuna ta miƙo mini hoton ta ce in ajiye, ba ta ce in bar mata ba.

Bayan 'yan shekaru, 'yata ta fari, wadda aka haifa bayan rasuwar Inna aka sa mata sunanta, ta je hutu gidan Yaya. Ranar da ta dawo ina zaune a tsakar gida da la'asar, rana ta sauka bayan katanga, hasken ya yi laushi. Ta zo ta tsuguna kusa da ni tana wasa da zaren tabarma. Na dubi gefen fuskarta, sai na ga Inna, domin goshin ne, ƙashin kumatun ne, baƙin nan ne mai ɗaukar sama, ba abin da ya rage sai tsaga. Ta ce 'ya'yan baffanta sun ce ita ba jinin gidan ba ce, sun kai ta falo sun nuna mata. Sannan ta ɗago ta ce:

"Baba, tun da Kaka fara ce, ni wa na biyo?"

Na ce ita ta biyo, ita sak, har yadda take ɗaga kai. Ta dube ni, irin kallon da yaro ke yi wa babba in ya gane ana lallashinsa. Ta ce in nuna mata. Na tashi na shiga ɗaki kamar akwai abin da zan ɗauko, na tsaya a tsakiyar ɗakin hannuna babu komai, ita tana waje tana jira.